Babi na Shida: Nagra, Rikodar da Ta Fi Kasuwarta Tsawon Rai

Kafin shekarun 1950, galibi mai magana ne ke zuwa wurin na'urar naɗar murya, domin ita ba ta iya zuwa wurinsa. Injinan gidajen rediyo da na kamfanonin fim manya ne ƙwarai. Wasu sai an ɗora su a mota, a ja musu wayar lantarki, a sa mutum biyu su tsaya a kansu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wakilan BBC sun sha fama da wani akwati mai nauyi da ke yanka murya a jikin faifai, kuma kowane faifai 'yan mintoci kaɗan yake ɗauka. Wanda ya shiga ƙauyen da babu wuta don ya ji tarihi daga bakin tsofaffi, abin da zai dawo da shi bai wuce abin da ya rubuta a takarda da abin da ya riƙe a ka ba.

Mutumin da ya fi kowa sauya wannan hali ɗan gudun hijira ne. An haifi Stefan Kudelski a birnin Warsaw na ƙasar Polan a 1929. Yana ɗan shekara goma Jamus ta mamaye ƙasarsu, iyayensa suka ɗauke shi suka gudu, suka bi ta Romaniya da Hungari har kudancin Faransa, inda mahaifinsa ya shiga cikin masu yi wa 'yan Nazi turjiya a ɓoye. A 1943 suka tsallaka Suwizalan. Can Stefan ya girma, ya shiga makarantar koyon injiniyanci ta Lozan. Rediyo ba ya cikin lissafinsa a lokacin. So yake ya ƙera na'urar da za ta riƙa tafiyar da injinan masana'anta ta hanyar ajiye musu umarni a jikin zaren maganaɗisu, kuma don ya san halin zaren sai ya haɗa wata 'yar rikoda yana ɗalibi. Babu wanda ya waiwayi na'urar masana'antar. Rikodar ce mutanen gidan rediyon Geneva suka gani suka ce a sayar musu.

Wannan ita ce Nagra ta farko, ta 1951. Wani ake yi mata da hannu, domin ƙarfen da ke juya faifanta irin na garmaho ne, batir kuwa aikinsa kawai ya kunna ƙananan ƙwayayen lantarkin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ta biyu ta fito a 1953. Amma wadda ta kafa sunan ita ce Nagra III ta 1958, mai aiki da transisto da batir goma sha biyu manya, irin na tocila. Gidan rediyo da talbijin na Italiya ya yi odar guda ɗari saboda wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, kuma daga nan ƙaramin shagon ya fara zama masana'anta.

Duk wanda ya taɓa sauraren kaset a rediyon da batirinsa ya fara sanyi ya san matsalar da Kudelski ya warware. Da zarar moto ya rage gudu sai muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan ƙafa, kiɗa ya riƙa lilo. Sauti a jikin tef ba shi da wani ma'auni na lokaci in ban da gudun zaren kansa. Idan zaren ya wuce gaban hed da sauri ɗaya lokacin naɗa, ya wuce da wani saurin lokacin saurare, to an riga an ɓata muryar. A ɗakin naɗa abin da sauƙi: ana sa moto mai nauyi, a jona shi da wutar gari, a ajiye injin a kan tebur ba ya motsi. Wahalar ita ce a sami wannan daidaito daga na'urar da ke rataye a kafaɗar mutumin da ke tafiya, ko gudu, ko hawan dutse, cikin sanyin ƙanƙara ko zafin hamada, batirinta kuma yana raguwa a kowane minti.

Dabarar da ya yi ita ce ya sa moton ya riƙa duba kansa. A jikin sandar da ke jan zaren akwai wani faranti mai haƙora. Yayin da yake juyawa, wani ɗan hed na gefe yana ƙirga haƙoran da ke wucewa, lantarkin cikin na'urar kuma yana gwada wannan ƙirge da abin da ya kamata. Idan gudu ya ragu ko da ƙanƙani ne sai a ƙara wa moton wuta, idan ya ƙaru a rage. Ana yin wannan gyara ba tsayawa, cikin ƙiftawar ido, har batir ya kusa ƙarewa. Ga kuma hannuwa masu lanƙwasa da ke riƙe zaren kada ya saki ko ya ɗaure da yawa. Gangar jikin na'urar ta alminiyom ce mai kauri, kowane ƙarfe an gyare shi an auna, a yankin da maƙeran agogo suka daɗe da koya wa mutane aiki da ma'aunin da ido ba ya gani. Sakamakon shi ne akwatin da mutum ɗaya zai rataya, amma sautinsa ya yi kafaɗa da kafaɗa da na manyan injinan ɗakin naɗa. Tana gudu iri uku: inci 15, ko 7.5, ko 3.75 a sakan ɗaya.

Aiki da ita yana da nasa ladabi. Da batir a ciki ta haura kilo shida, kuma masu ɗaukar sauti da yawa sun tsufa da ciwon kafaɗa. Idan murfin yana rufe faifai mai faɗin inci biyar take ɗauka, wanda a matsakaicin gudu yake ba da kimanin minti goma sha biyar. Saboda haka mai aiki ba ya danna ta ya tafi shan shayi. Sai ya san lokacin da zai fara, ya lura da inda zaren ya kai, ya yi dabarar sauya faifai a inda mai magana ya numfasa. A gabanta akwai wani agogo mai allura da ke nuna ƙarfin sauti. Idan allurar ta yi ƙasa, shuuu ɗin zaren zai rufe muryar. Idan ta haura, muryar ta fashe, kuma babu gyara. Hannu ɗaya a kan maɓallin ƙara, kunne a cikin abin saurare, ido a kan allura: da haka ake gane gwani.

Sai dai a fagen fim ne Nagra ta yi babban tasirinta, kuma nan labarin ya ratsa ta Nijar.

Kyamarar fim ta wancan zamani hoto kawai take ɗauka. Sauti na'ura dabam ce ke naɗarsa, daga baya a haɗa su. Wannan katako da ake tafawa a gaban kyamara kafin a fara wasa amfaninsa ke nan: mai tacewa ya nemo hoton da katakon ya haɗu, ya nemo ƙarar a jikin tef, ya daidaita su. Amma daidaita farko bai isa ba. Kyamara da rikoda kowace da motonta, kuma idan ɗaya ta fi ɗaya gudu da ɗan kaɗan, kafin minti guda baki ya rabu da magana. A ɗakunan fim na Hollywood ana jona komai da wuta ɗaya. A daji babu wannan gata.

Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya ya zama mai fim da binciken al'adu, ya yi shekaru yana fama da wannan. Kyamararsa ta farko ƙarama ce mai wani, ba ta wuce sakan ashirin da 'yan kai sai ta tsaya. Fim ɗinsa Jaguar, labarin samari uku da suka bar Nijar suka tafi ci-rani ƙasar da yanzu ake kira Gana, an ɗauke shi ne ba magana. Daga baya aka zaunar da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia a gaban majigi suna kallon kansu suna ta sharhi da barkwanci, aka naɗa aka ɗora. Haka aka yi a Moi, un noir na 1958, inda Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban daraktan fim na Nijar, ya ba da labarin rayuwar 'yan ci-rani a Abijan bayan an gama ɗaukar hoton. Fina-finan sun yi kyau, kuma rashin kayan aiki ya haifar musu da wani salo na kansu. Duk da haka mai kallo bai taɓa jin abin da mutanen suka faɗa a daidai lokacin da kyamara ke kallonsu ba.

A 1960 Rouch da Edgar Morin suka ɗauki Chronique d'un été a Paris da sabuwar kyamara marar nauyi da rikodar Nagra. A ciki akwai wurin da Marceline Loridan, wadda ta tsira daga sansanin Auschwitz, ke tafiya ita kaɗai a tsakiyar birni, rikodar na jikinta, tana magana ƙasa-ƙasa game da mahaifinta da bai dawo ba, kyamara kuma tana can nesa. Kafin wannan lokaci da wuya a iya ɗaukar irin wannan. A 1962 Kudelski ya fito da tsarin Neopilot. Kyamara na aiko da wata ƙara mai bugawa sau 50 a sakan, ko sau 60 a Amurka, wadda ke nuna ainihin gudunta. Rikodar na rubuta wannan ƙara a tsakiyar zaren a layi biyu sirara masu saɓa wa juna, ta yadda idan ana sauraren murya suna kashe juna, kunne ba ya jin komai. A ɗakin tacewa kuwa wani hed na musamman yana karanta su, ya sa tef ɗin ya bi sawun kyamara sau da ƙafa. Da farko sai da waya tsakanin mai kyamara da mai sauti. Daga baya aka sa wa kowane ɗan dutsen kwaz irin na agogon batir, aka yanke wayar, kowa ya sami sakewa.

Abin da wannan ya ba Rouch yana nan a Tourou et Bitti, wanda ya ɗauka a 1971 a ƙauyen Simiri na Zarmaganda, arewa da Yamai. Mutanen gari sun kwana suna kiɗa don iskoki su sauko a roƙe su maganin farin da ke cin amfanin gona, ba wanda ya hau. Rouch ya saɓa kyamara, Moussa Hamidou na biye da shi da makirfo da rikoda, suka shiga fili ba tare da sun tsaya ba, kimanin minti goma a ɗauka ɗaya. Suna cikin ɗauka abin ya faru. Ana jin ganguna da goge, ana jin lokacin da kiɗan ya yanke da lokacin da ya dawo, duka a daidai inda ido ke ganinsu. Ana yawan ambaton Rouch idan ana maganar wannan fim, amma rabin abin da ke kama mai kallo aikin kunnen Moussa Hamidou ne. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.

Daga tsakiyar shekarun 1960 har zuwa farkon 1990, da wuya ka je inda ake ɗaukar babban fim a Turai ko Amurka ba ka ga Nagra a kan keken mai sauti ba. Nagra IV ta zo a 1968, IV-S mai naɗar sauti a layi biyu a 1971, sai 4.2 a 1972, wadda ta zama abin dogaron masana'antar fim. Hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama Kudelski har sau huɗu, a 1965 da 1977 da 1978 da 1990. Na'urar ma ta zama 'yar wasa: a Blow Out na 1981 John Travolta ya fito a matsayin mai ɗaukar sauti da ya naɗi ƙarar wani kisa ba da niyya ba, kuma a Diva, fim ɗin Faransa na wannan shekarar, wani saurayi ya ɓoye Nagra ya saci muryar mawaƙiyar da ta ƙi yarda a naɗe ta. Akwai kuma 'yar ƙaramar SN, wadda ke shiga aljihun kwat, da aka fara ƙerawa domin jami'an leƙen asirin Amurka. A zamanin yaƙin cacar baka ɓangarorin biyu duk sun yi aiki da ita.

Kasuwar rediyo ce ta fara zamewa, tun Nagra na kan ganiyarta. Tsadarta ta sa gidajen rediyo da yawa suka zaɓi Uher ta birnin Munich, wadda samfurinta Report 4000 ya fito a 1961, kuma da ita wakilan BBC suka yi shekaru suna yawo. Kudelski ya amsa da Nagra E a 1976, mai gudu ɗaya, an rage mata kaya don 'yan jarida. Amma kaset ya riga ya taso. Sony ta fito da TC-D5 a 1978, Marantz ta bi da nata, kuma editoci suka gano abin da injiniyoyi ba sa son ji: muryar minista a labaran ƙarfe shida, ta rediyo mai gajeren zango, ba ta bukatar rikodar da kuɗinta ya kusa na mota. Kaset ɗaya na ɗaukar awa guda ko fiye, a lokacin ana samunsa a kowace kasuwa, kuma idan na'urar ta ɓace ba a kiran taron gaggawa.

Matsala ta biyu daga ingancin na'urar kanta ta fito. Nagra ba ta mutuwa. Wanda ya sayi 4.2 a 1975 yana nan da ita a 1995, iyaka ya kai ta a share hed, a sauya bel, a sake auna ta. Masu sana'ar ɗaukar sautin fim a duniya ba su da yawa, kuma da kowannensu ya mallaki ɗaya ko biyu sai ciniki ya tsaya cik. Sababbin shiga sana'ar kuma ta hannu suke saya. A ganina wannan ba aibu ba ne, kuma kamfanin da ke ƙera abu don ya lalace bayan shekara uku bai fi Kudelski wayo ba, ya dai fi shi rashin kunya. Sai dai albashin ma'aikata ba ya jira. Kamfanin ya nemi sababbin hanyoyi, ciki har da rikodar bidiyo ta ɗauka a kafaɗa, VPR-5, da suka yi tare da Ampex ta Amurka a 1983. Injiniyoyi sun yaba mata, amma ta zo daidai lokacin da kyamarorin Japan masu kaset a cikinsu ke karɓe aikin labaran talbijin.

Ƙofar da ta buɗe ba ta da alaƙa da naɗar murya ko kaɗan. A 1989 tashar Canal+ ta Faransa ta ɗauki tsarin da kamfanin ya ƙirƙiro na kulle shirye-shiryen talbijin, yadda sai wanda ya biya kuɗi dikodarsa za ta buɗe masa. Wannan aiki na André Kudelski ne, ɗan Stefan, kuma a 1991, kamfanin na cikin matsin kuɗi, shi ya karɓi ragama daga mahaifinsa. Wannan harka, mai suna Nagravision, ta bunƙasa, ta sami manyan kwastomomi irin su EchoStar ta Amurka, har ta kai sashen rikoda ya zama ɗan ƙaramin ɗaki a cikin babban gida. Miliyoyin mutanen da sunan Nagra ke rubuce a katin dikodarsu ba su taɓa sanin cewa sunan rikoda ba ne.

Abin da ya karya kashin bayan rikodar shi ne komawar sauti lambobi. Sony ta fito da DAT a 1987, ɗan ƙaramin kaset da ke ajiye sauti a matsayin jerin lambobi, kuma a farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Fostex da HHB suka yi masa na'urorin fita aiki. Masu sauti ba su ƙaunace shi ba. Ƙura na hana shi aiki, raɓa na hana shi aiki, yakan haɗiye magana ba gargaɗi, shi ya sa da yawa suka ci gaba da kunna Nagra a gefe saboda tsaro. Amma DAT ya nuna inda aka dosa. Idan sauti lambobi ne, ba gudun moto ke riƙe lokaci ba kuma. Ɗan dutsen kwaz mai arha ne ke cewa ga lokacin da kowace lamba za ta fita, ko da zaren na tangaɗi. Da aka koma ajiya a faifan kwamfuta, sannan a kati, sai zaren da moton suka ɓace gaba ɗaya. Farantin nan mai haƙora, da hannuwan riƙe zare, da ƙarfen da aka auna da ma'aunin maƙeran agogo, wato duk abin da Kudelski ya fi kowa iyawa a duniya, ya zama amsar tambayar da aka daina yi. Abin da ya rage shi ne lantarki da manhaja, kuma a wannan fage ƙaramin kamfani mai injiniyoyi goma zai iya karawa da kowa.

Ba a ce Nagra ta zauna ta naɗe hannu ba. A 1992 ta fito da Nagra-D, mai naɗar layi huɗu na lambobi a kan faifan tef buɗaɗɗe, da sautin da ya fi na DAT nesa ba kusa ba. Masu naɗar kiɗan gargajiyar Turai sun so ta ƙwarai. Amma tana da nauyi, tana da tsada, kuma ɗakin tacewa sai ya sayi tasa kafin ya iya karanta faifan. Ta kai fasahar jan zare ƙololuwa a daidai lokacin da zare ke bankwana.

A wannan tsakanin yadda ake ɗaukar sautin fim ma ya sauya. A da, mai sauti na haɗa makirfo biyu ko uku nan take ya zuba su a layi ɗaya, abin da ya haɗa shi ke nan. Robert Altman ya fara karya wannan al'ada a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ya sa wa 'yan wasa da yawa makirfo kowa da nasa, aka naɗa a layi takwas, kamar yadda aka yi a Nashville. A lokacin ana ganin abin nasa ne shi kaɗai. Da makirfo marar waya ya yi arha, kuma tacewa ta koma kwamfuta, sai kowane darakta ya so haka: kowane baki da layinsa, a gyara daga baya. Tambayar da ake yi wa rikoda ta koma layi nawa take ɗauka. Zaxcom ta Amurka ta fito da Deva a 1996, mai naɗa a faifan kwamfuta. Aaton ta Faransa ta kawo Cantar a 2003. Sound Devices, wadda wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin Shure suka kafa a jihar Wisconsin a 1998, ta fito da 744T a 2004, ƙarama, mai layi huɗu, a farashin da mai aikin kansa zai iya biya. Nagra V da ta fito a 2002 layi biyu gare ta. Kafin Nagra VI ta iso a 2008 da layukan da ake nema, kekunan masu sauti sun riga sun cika da kayan wasu, kuma wanda ya saba da na'ura ba ya sauya ta don tsohuwar soyayya.

Su ma masu yin zaren suka watse. Emtec, magajiyar sashen tef na BASF, ta karye a 2003. Quantegy, wadda ta gaji na Ampex, ta rufe masana'antarta ta jihar Alabama a ƙarshen 2004, ta ɗan farfaɗo, sannan ta daina. Sony ma ta dakatar da ƙera na'urorin DAT a 2005. Daga ƙasa kuma Zoom ta Japan ta taso da H4 a 2006 da H4n a 2009, 'yan rikodar roba na dala ɗari uku ko kusa da haka, waɗanda sautinsu ya ishi yawancin aiki. A 2015 ta sayar da F8 mai layi takwas a ƙasa da dala dubu. Daga 2019 aka fara samun rikodar da ke ajiye sauti ta hanyar da ko an yi kuskuren saita ƙara ana iya gyarawa a kwamfuta, ihu bai fashe ba, raɗa bai nutse ba. Allurar nan da gwanaye suka yi shekaru suna koyon karantawa ta zama ado.

Fina-finan Hausa ba su ma bi ta wannan zamani ba. Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood, a 1990 aka yi shi da kyamarar bidiyo mai naɗar hoto da murya a kaset ɗaya. Wannan ya sa fim ya yi arha har matasan Kano suka iya yinsa da kuɗin aljihunsu, abin da ba zai taɓa yiwuwa da kayan Suwizalan ba. Amma ya sa kuma masana'antar ta tashi ba tare da mutumin da aikinsa kawai saurare ba ne, kuma duk wanda ya kalli fina-finan farko ya ji iska da ƙarar janareta suna kokawa da maganar jarumi.

A 2012 rukunin Kudelski ya rabu da sashen sauti, aka mai da shi kamfani mai zaman kansa, Audio Technology Switzerland, a hannun 'yan gidan. Stefan Kudelski ya rasu ranar 26 ga Janairun 2013 yana da shekara 83. Kamfanin ya ci gaba da ƙera rikoda, irin su Nagra Seven da ta fito a shekarar, da na'urorin jami'an tsaro. Amma inda sunan ya fi ƙarfi yanzu shi ne kayan sauraren kiɗa na falon masu hali, harkar da ya shiga tun 1997. Ana yi musu gangar alminiyom da agogo mai allura irin na tsohuwar rikoda, domin siffar ce mai saye ke biya wa kuɗi tare da sautin. Tsofaffin III da 4.2 da IV-S kuwa suna yawo a kasuwar 'yan gwanjo ta intanet, masu tara kayan tarihi na ribibinsu, kuma da yawansu idan aka zuba batir sai su tashi.

Akwai wurin da har yanzu ake bukatar irin waɗannan injina don aiki na gaske, wato ɗakunan ajiyar sauti. Shekaru kusan arba'in na muryoyin duniya suna kwance a kan tef mai faɗin rubu'in inci, ko da wace rikoda aka naɗe su. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, da aka kafa a 1968 da taimakon UNESCO don tattara tarihin baka, kuma tsofaffin gidajen rediyo irin na Kaduna sun tara faifan makaɗa da malamai da 'yan siyasar da suka riga mu gidan gaskiya. Tef ba ya son zafi da laima. Wasu nau'o'in da aka yi daga shekarun 1970 sukan yi danƙo, sai an gasa su a hankali a zafin da bai wuce digiri hamsin da 'yan kai ba kafin su yarda a kunna su, kuma bayan 'yan makonni danƙon ya dawo. Kafin a mai da faifai lambobi dole a sami injin da zai ja shi da daidai gudun da aka naɗe shi, da hed ɗin da bai cinye ba. Idan sautin fim ne mai Neopilot, sai injin da ke iya karanta waɗannan layuka biyu na tsakiya, in ba haka ba magana ba za ta hau bakin mai ita ba. Kamfanonin da suka ƙera irin waɗannan injina, Studer da Ampex da Uher da sauransu, sun daina tuntuni, kayan gyara sai a cire daga wata na'urar a sa wa wata, kuma yawancin makanikan da suka iya auna su sun kai shekarun ritaya.